Tun daga ƙashin baya ake gane jirgin da zai yi kyau

Jirgin ruwa na farko da na yi yunƙurin ginawa da katako yana nan har yau a saman kabad ɗina, ba jigo, wato doguwar sandar da ke ɗaukar filafilai, ba igiya, rabin jikinsa a rufe, rabi a buɗe. Duk wanda ya tsaya ta goshinsa ya dube shi da kyau zai ga ya ɗan karkata zuwa hagu. Kwalin kayan haɗi na saya, na wani babban jirgin yaƙi mai jerin igwa hawa uku, domin hoton da ke jikin kwalin ya tafi da hankalina, kuma tun a daren da na buɗe shi na fara shafa gam ina manna katako. Sai bayan wata huɗu, lokacin da falankan dama da na hagu suka ƙi haɗuwa daidai a goshi, na koma baya ina neman inda matsalar ta samo asali. Na tarar da ita a aikin ranar farko. Allon da ke tsaye a matsayin ƙashin bayan jirgin ya zo a ɗan lanƙwashe, da abin da bai wuce milimita 2 ba, ni kuwa ban aza masa rula ba kafin in ɗora komai a kansa. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da wuya a sami aikin hannu da maganar ta fi dacewa da shi kamar ginin ƙananan jiragen ruwa.

Aikin kansa tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin Herbert Winlock suka gano wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'in fadar Fir'auna, kusa da Luksor a Masar, cike da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, waɗanda shekarunsu suka kai kusan 4,000, kuma yau an raba su tsakanin gidajen tarihi na Alƙahira da New York. Amma waɗanda masu wannan sha'awa suka fi ɗauka abin koyi su ne samfuran da aka yi wa hukumar sojan ruwan Ingila daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa cikin na 18, waɗanda da yawansu ke hannun gidan tarihin harkokin teku na Greenwich. Masu yin su sukan bar ƙasan jirgin ba falanki, domin a ga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, wato sun baje abin da mu yanzu muke ɗokin rufewa.

Yawancin waɗannan samfura an yi su ne a kan ma'aunin 1:48, ma'ana kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske ta koma rubu'in inci. Zancen ma'auni shi ne abu na farko da ya kamata mai farawa ya zauna ya fahimta da fensir da takarda, domin duk wata shawara da za ta biyo baya daga gare shi take fitowa. A ɗauki jirgin Victory, wanda aka saka a ruwa a Chatham ta Ingila a 1765, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, kuma yana nan a Portsmouth. Tsawon benensa na igwa ƙafa 186 ne, kimanin mita 57. A ma'aunin 1:48 wannan ya kama santimita 118, a 1:64 ya kusa 89, a 1:96 kuma 59, kuma duk wannan ba a haɗa da doguwar sandar da ke miƙewa gaba daga goshi ba. Kafin mutum ya yi sha'awar irin wannan jirgi, ya fara auna teburinsa da ƙofar ɗakinsa.

Amfanin lissafin bai tsaya ga tsawo ba. A ma'aunin 1:64, mutum mai tsayin santimita 170 bai kai santimita 3 ba, falanki mai faɗin santimita 25 ya koma kusan milimita 4, sannan tazarar rabin milimita da aka bari tsakanin falanki biyu, wadda ido kan raina, daidai take da ɓarakar santimita 3 a jirgin gaske, wadda da ta nutsar da shi tun a bakin gaɓa. Ni na yanka ɗan mutum na kwali daidai da ma'aunin da nake aiki a kai, ina tsayar da shi a kan bene duk sa'ad da na gama wani abu. Idan matakalar tsani ta kai masa gwiwa, ko igiya ta fi hannunsa kauri, na san na yi kuskure tun ban ɗauko ma'auni ba.

Game da zaɓin jirgin farko, shawarata gajeriya ce, kuma na san ba kowa zai so ta ba: a fara da kwalekwale, ko ƙaramin jirgin kamun kifi, ko jirgi mai jigo ɗaya. Duk dabarun da babban jirgi ke buƙata suna cikin ƙarami, bambancin kawai shi ne a ƙarami sau goma za a yi abu, a babba sau ɗari. Victory tana ɗauke da igwa 104 a Trafalgar, kuma kowace igwa da kekenta da ƙafafunta da igiyoyinta. Wanda bai taɓa kammala jirgi ba, a wajen igwa ta talatin sha'awarsa za ta mutu.

Hanyoyin gina gangar jikin jirgi uku ne sanannu. Akwai sassaƙa ta daga gungumen katako guda, ko daga alluna da aka jera bisa juna aka manne, wanda shi ne mafi sauƙi. Akwai hanyar da yawancin kayan haɗi na kwali ke bi, inda ake da dogon allo a tsakiya mai tsagogi, a cusa masa allunan haƙarƙari a gicciye, sannan a rufe da siraran falankai. Akwai kuma hanyar ƙwararru, inda ake haɗa kowane haƙarƙari daga guntaye kamar yadda aka yi a jirgin gaske. Bayanina a nan ya fi karkata ga ta biyu, domin ita mafi yawan mutane za su fara da ita.

Kayan aiki ba su da yawa kamar yadda ake zato, kuma na ga mutane sun cika tebur da injuna kafin su manna falanki ɗaya. Abin da ba makawa shi ne wuƙar sana'a mai bakin da ake sauyawa, musamman baki mai lamba 11, da ɗan zarto mai ƙananan haƙora, da rula ta ƙarfe, da ƙaramar sukwaya, da ma'aunin kauri mai nuna kashi goma na milimita, da jerin ƙananan magagari, da hantsaki mai tsinin baki, da abin huji na hannu tare da bakunansa daga milimita 0.4 zuwa 1. A ƙara da fil, da robar ɗaure kuɗi, da abin maƙale shanya, waɗanda suke riƙe falanki har gam ya bushe. Samfefa kuwa kada a riƙe ta da yatsa tsirara, domin yatsa yana bin kwari da tudu ne, ya ƙara wa kwarin zurfi. A manna ta a jikin sanda mai faɗi ko guntun katako, a tanadi mai kaushi da matsakaiciya da mai laushi. Abin da na fi yin nadamar jinkirin sayensa shi ne fitila mai haske sosai da gilashin ƙara girma. Abin da na fi yin nadamar ƙyashinsa kuma shi ne bakin wuƙa, domin dakusasshen baki yana murƙushe katako maimakon ya yanka, kuma shi ne yake zamewa ya sami yatsa.

Katako ma ma'auni ne ke zaɓensa. Jiragen yaƙin Ingila da itacen ok aka gina su, amma ok ba ya yi wa samfuri kyau, domin jijiyarsa manya ce, ramukan jikinsa a buɗe suke, idan aka rage komai sau 64 aka bar jijiyar yadda take, sai falanki ya zama kamar an yi shi da soso. Haka abin yake ga maɗaci da danginsa, duk da kyan launinsu. Abin da ake nema shi ne itace mai matsattsen jiki wanda jijiyarsa ba ta fita fili. Lindin yana da taushi da sauƙin yanka da lanƙwasawa, shi ya sa ake yin shimfiɗar falankai ta farko da shi, sai dai gefensa yana yin gashi kuma ba ya riƙe kaifi. Bokswud, mai launin rawaya-rawaya, shi ne sarki wajen sassaƙa da ƙananan abubuwa, domin yana karɓar kowane irin zane ba tare da ya ɓantare ba. Itacen ceri da na fiyar Turai suna tsakiya, kuma launinsu yana ƙara kyau da daɗewa. Balsa kuwa, duk da son da ake yi masa saboda rashin nauyi, ba ya riƙe fil, ba ya riƙe siffa, amfaninsa kawai a cike gurbi.

Yanzu ga wurin da jirgina na farko ya mutu. Kafin a manna komai, a kwantar da allon tsakiya a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, a duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Idan ya lanƙwashe, a jiƙa shi kaɗan a danne da nauyi na kwana biyu, idan ya ƙi a sake yanka wani. Daga nan a yi masa mazauni: faffaɗan allo mai kauri, a ja miƙaƙƙen layi a tsakiyarsa, a kafa katako biyu dama da hagu su matse ƙashin bayan yadda ba zai motsa ba. A cikin wannan mazauni jirgin zai zauna har a gama rufe shi. Sannan a gwada kowane allon haƙarƙari ba gam, a tabbata samansa ya yi daidai da saman allon tsakiya, a aza sukwaya a ga ya tsaya cak, a kuma auna daga tsakiya zuwa gefen dama da na hagu a ga tazarar ɗaya ce. Ɗaya bayan ɗaya ake manna su, a bar kowane ya bushe da sukwaya a jingine da shi. Aikin yini uku ne wanda ba ya ba da abin nuna wa kowa, shi ya sa masu farawa suke tsallake shi.

Abin da ke biye ya fi wannan gajiyarwa, kuma ya fi shi muhimmanci. Allunan haƙarƙari suna zuwa da gefe a miƙe, alhali jikin jirgi lanƙwasa yake yi, musamman wajen goshi da wajen baya. Idan aka aza falanki a haka, a kan kaifin allo kawai zai zauna, ya yi gwiwa a kowane haƙarƙari, gam kuma ba shi da wurin kamawa. Dole a fere gefen kowane allo a karkace har falanki ya kwanta a kan dukan kaurinsa. Ana yin wannan da doguwar sandar samfefa wadda take taɓa alluna uku ko huɗu a lokaci guda, ana tsayawa a kai a kai ana gwadawa da siririn falanki mai sauƙin lanƙwasuwa, a sama, a tsakiya, a ƙasa, da kuma a karkace. Inda siririn ya yi tsalle ya bar wani allo, allon ya gaza, sai a manna masa ɗan sili a sake gogewa. Inda ya yi tudu, allon ya yi yawa. Dabarar da ta taimake ni ita ce shafa fensir a gefen allunan kafin in fara: a rabin gaba ana cin gefen da ke fuskantar goshi, a rabin baya ana cin wanda ke fuskantar baya, kuma muddin siririn layin fensir ya rage a ɗaya gefen, siffar allon ta asali ba ta ɓace ba. A goshi da baya, inda lanƙwasar ta fi tsanani kuma alluna suka yi nisa da juna, a cike gurbin da balsa a goge shi ya bi siffar, falanki ya sami abin kwanciya.

Akwai kuma ɗan tsagi da ake yi a tsawon ƙashin baya har ya hau goshi, inda bakin falankai zai shige ya ɓuya. Yawancin takardun bayani na cikin kwali ba sa ambatonsa, ko su ambace shi a layi ɗaya. In babu shi, falankai sukan ƙare a kan goshi kamar an liƙa su daga waje. A wajen baya kuma sai an rage kaurin allon tsakiya tun da wuri, domin idan falanki ya hau dama da hagu, jimillar kaurin ta yi daidai da sandar da allon juya akalar jirgi ke rataye a kanta.

Rufe jiki da falanki shi ne abin da ya fi tsorata mutane, kuma asalin wahalarsa lissafi ne mai sauƙi. Jirgi yana da ciki a tsakiya, ya tsuke a goshi, amma yawan layukan falanki ɗaya ne daga gaba har baya. Saboda haka dole kowane falanki ya sirance yayin da yake nufar goshi. A yanki siririyar takarda, a kwantar da ita a gefen kowane allon haƙarƙari daga ƙashin baya zuwa sama, a sa alama, a auna. A ce a allon tsakiya an sami milimita 80, falankan kuma faɗinsu 4 ne, layi 20 ke nan. Idan a wani allo kusa da goshi an sami 52, sai a raba 52 gida 20, kowane falanki a wurin ya zama milimita 2.6. A rubuta wannan a jadawali, a kuma sa alamomin a jikin allunan da fensir mai tsini. Ƙa'idar magina jiragen gaske ita ce kada falanki ya sirance fiye da rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini kamar mashi, domin tsini ba ya karɓar ƙusa kuma nan ruwa ke fara ci. Inda lissafi ya nuna za a gangara ƙasa da rabi, sai a haɗe layi biyu su koma ɗaya kafin su isa goshi. A baya kuwa, inda jiki ke buɗewa, akan cusa ƙarin guntun falanki tsakanin biyu. Ya fi sauƙi a raba kowane gefe gida uku ko huɗu da siraran sili, a duba su ta gaba da ta baya har layinsu ya gamsar da ido, sannan a cike kowane gida dabam, domin kuskuren gida ɗaya kada ya tsallaka na gaba.

Kowa ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma namu busasshe ne, don haka sai an yi masa dabara. Da farko na ɗauka ruwa ne ke yin aikin, har nakan bar falankai su kwana a ciki. Ashe zafi ne. Sinadarin da ke riƙe zaren katako yana laushi idan ya ji zafi, ya sake ƙagewa idan ya huce, ruwa kuwa yana taimakawa ne wajen kai zafin ciki da hana ƙonewa. Minti goma a ruwan zafi ya isa ga siririn falanki, sannan a bi shi da dutsen guga ko na'urar busar da gashi a kan wani abu mai siffar lanƙwasar da ake so. Babban kuskure shi ne manna shi yana jiƙe. Jiƙaƙƙen katako ya kumbura, idan ya bushe zai tsuke ta faɗinsa ya bar tazara a inda jiya babu. A maƙale shi a wurinsa ba gam, a bar shi ya bushe sarai, a cire, a gyara gefensa, sannan a manna. Falankin da aka shirya da kyau yana zama a wurinsa da ɗan dannawar yatsa. Wanda sai an yi kokawa da shi, bai shirya ba, kuma ko ya zauna yau, yana nan yana jan jirgin gefe guda. Don haka ma ake sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ba a gama gefe guda a koma ɗayan ba.

Farin gam na kafinta shi ne abokin aikina a kusan komai na katako. Yana ba da lokacin gyara, ana goge rararsa da jiƙaƙƙen buroshi, kuma idan aka gano kuskure bayan mako guda, alkohol yana sassauta shi a cire falankin ba tare da ɓarna ba. Wannan na ƙarshe shi ne babbar falalarsa. Sufa gulu yana da wurinsa, wajen haɗa ƙarfe da katako ko riƙe bakin falanki mai taurin kai, amma yana shiga jikin katako ya bar tabon da fenti ko mai ba ya rufewa, tururinsa kuma yana damun ido da hanci. Duk rarar gam da aka bari a fuskar katako za ta fito fili ranar da aka shafa mai, lokacin da gyara ya yi wuya.

Bene ba shi da wahala sosai. A yanka falankansa gwargwadon tsawon na gaske, wanda a 1:64 yake kamawa tsakanin santimita 10 da 14, a jera su yadda mahaɗar ɗaya ba za ta yi kafaɗa da ta maƙwabcinsa ba sai bayan layi uku ko huɗu. Shafa fensir mai laushi a gefe ɗaya na kowane falanki ya isa ya nuna baƙin layin kwaltar da ake cusawa tsakaninsu. Game da ƙusoshin katako da wasu ke hudawa dubu-dubu suna cusawa, ra'ayina shi ne a ƙananan ma'auni gara a bar su, domin a jirgin gaske da ƙyar ake ganinsu daga 'yan taku kaɗan, a samfuri kuwa sukan sa bene ya zama kamar mai ƙyanda.

Kafin fenti, a yanke shawarar shekarar da ake kwaikwayo, domin jirgi yana sauya kama a tsawon rayuwarsa. Victory ta 1765 ba ta da rufin jan ƙarfe a ƙasanta, sai a 1780 aka yi mata, kuma babban gyaran da aka yi mata daga 1800 zuwa 1803 ya rufe barandodin bayanta da suke a buɗe. Ko launin rawayan da aka saba gani a jikinta an sauya shi a 2015 zuwa wani mai haske, bayan an binciki tsofaffin shimfiɗun fentinta. Haka jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a Stockholm a tafiyarsa ta farko a 1628 aka ciro shi a 1961: yau baƙi-baƙi yake, amma bincike ya nuna sassaƙe-sassaƙensa da launuka masu haske aka yi musu ado. Fentin kansa a tsinka shi, a shafa sau uku ko huɗu, domin shafi ɗaya mai kauri yana cike duk ƙananan zanen da aka sha wahala a kansu, kuma a guji mai ƙyalli.

Jigo da sandunan filafilai, in ana so su miƙe, daga katako mai kusurwa huɗu ake fitar da su, wanda aka tsaga bisa jijiyarsa. A fara sirantar da shi yana mai kusurwa huɗu, a mai da shi takwas, sannan goma sha shida, sannan a murza shi cikin samfefa. Haka masu yin na gaske suke yi. Mulmulallun sandunan da ke zuwa cikin kwali sau da yawa sukan karkace bayan watanni.

Igiyoyi iri biyu ne, kuma launinsu ya bambanta. Waɗanda ke riƙe jigo a tsaye, ba sa motsi, ana shafe su da kwaltar itacen fir don kare su daga ruwa, saboda haka launinsu ruwan ƙasa ne mai duhu sosai, wanda ya fi baƙi ƙirin kama da gaskiya. Waɗanda ake ja ana saki don sarrafa filafilai launin igiya suke da shi. Wani tarko da ya kama mutane da yawa shi ne tsofaffin jadawalai da kewaye suke auna igiya, ba da kauri ba. Igiyar inci 6 kaurinta bai kai inci 2 ba, kimanin santimita 4.8, wanda a 1:64 ya zama milimita 0.75. Wanda ya ɗauki 6 ɗin a matsayin kauri zai ɗaure jirginsa da igiyar da ta ninka ta gaskiya sau uku. Kuma a yi amfani da kauri iri-iri, biyar ko shida aƙalla, masu kauri a ƙasa, sirara a sama, domin wannan bambanci shi ne ke sa ido ya yarda da tsayin jigo.

Ana jan zare ta cikin kakin zuma don kwantar da gashinsa. Ana fara ɗauri daga tsakiyar jirgi zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, don kada hannu ya rasa hanyar shiga daga baya, kuma duk abin da za a iya ɗaura wa jigo ko sanda a kan tebur, a ɗaura kafin a kafa su. Igiyoyin da ke riƙe jigo ta gefe bibbiyu ake sa su, dama sannan hagu, ana duba jigon ta gaba a kowane mataki. Kada a ja su da ƙarfi, a ja dai har su miƙe, domin zaren auduga da na lilin suna tsukewa da saki gwargwadon laimar iska. Ni ba na sa wa ƙulli gam sai na gama sashe gaba ɗaya, domin sau da yawa sabuwar igiya tana sassauta tsohuwa, aiki ya koma tufka da warwara. Idan lokacin ya yi, farin gam da aka tsinka da ruwa nake ɗigawa, ba sufa gulu ba, wanda ke mai da zare kamar waya ya karye. Siraran igiyoyin da ke gicciye, waɗanda ma'aikatan jirgi ke takawa su hau sama, tazararsu a 1:64 kimanin milimita 6 ce. A ja layuka a kwali a sa shi a baya ya zama jagora, a ɗaura ɗaya a tsallake huɗu, sannan a dawo a cike, in ba haka ba igiyoyin tsaye za su tsuke a tsakiya kamar ƙugu. Filafilai kuwa, kowane yadi ya yi wa ƙaramin ma'auni kauri, shi ya sa da yawa suke barin jirgi ba su, ko su yi su a naɗe da siririyar takarda mai ƙarfi.

Jirgin da aka gama yana buƙatar akwatin gilashi, domin ƙura idan ta shiga tsakanin igiyoyi ba ta fita sai da ɓarna, kuma a nisanta shi da hasken rana kai tsaye da wurin da zafi da laima ke hawa da sauka. A kula da ƙananan kayan ƙarfe na tsofaffin kwalaye, waɗanda aka zuba da dalma. A cikin rufaffen akwati, tururin tsami da wasu katako da gam ke fitarwa yana cin dalma har ta zama farin gari, anka ko igwa ta ruɓe a inda take. Tagulla ba ta da wannan matsala, kuma 'yar ƙaramar kafar iska a jikin akwatin tana rage haɗarin.

Wanda ke kan teburina yanzu jirgi ne mai jigo ɗaya, a ma'aunin 1:64, kuma na kai layi na goma sha ɗaya a kowane gefe. A makon jiya na dube shi ta baya a ƙarƙashin fitila, na ga layuka uku na hagu sun ɗaga sama da na dama da kusan milimita ɗaya. Na jiƙa su da alkohol, na ɓamɓare su, na kankare busasshen gam daga allunan haƙarƙari, na sake auna tazarar da takarda. Sababbin ukun suna maƙale a wurinsu ba gam tun daren jiya, kuma sai gobe zan cire su in gyara gefensu.